Tsohon inji, sabuwar allura: kayan jin faifai da kuɗin albashi a Zariya

Duk wanda zai haɗa kayan jin faifai da ɗan abin da ya rage masa na albashi, kafin ya taka ƙafa kasuwa ya fara jera kayan a ransa gwargwadon kusancinsu da faifan, sannan ya raba kuɗin a kan wannan jeri. Allura ce ke taɓa faifai, don haka ita ce ta farko. Sai hannun da ke riƙe da ita da farantin da ke juyawa. Amfilifaya na biye. Sifika kuwa, wadda kowa ke fara tambayar kuɗinta da ya shigo falo, ita ce ta ƙarshe. Sifika mara kyau kunnenka kawai za ta ɓata wa rai, ranar da Allah ya hore ka canza ta. Allura mara kyau faifan take ci, kuma abin da ta ci ya tafi ke nan.

Ni wannan lissafin ya zame mini dole, domin yawancin faya-fayan da ke hannuna ba a shago na same su ba. Na kawuna ne, wanda ya yi aikin reluwe har ya yi ritaya a Sabon Gari. Bayan rasuwarsa matarsa ta aiko a kira ni, ta nuna mini wata adaka a ƙuryar ɗaki ta ce, "Ɗan nan, kwashe tarkacen kawunka kafin gara ta gama da su. Kai ne mai son irin wannan." Na ce, "To Hajiya, Allah ya saka da alheri." A ciki akwai manyan faya-fayai na mawaƙan Hausa da kamfanin EMI na Najeriya ya fitar, har da na Alhaji Mamman Shata, wanda jami'armu ta Ahmadu Bello da ke nan Samaru ta ba digirin girmamawa a 1988, ya rasu a 1999. Akwai ƙanana masu waƙa ɗaya-ɗaya a kowane gefe, akwai na finafinan Indiya da aka buga a Dum Dum kusa da Kalkata, da kiɗan Kwango, da na kudancin ƙasar nan. Faifan wani mawaƙin Amurka in ya lalace, ana nan ana sake buga shi, kuɗi kawai zai ci. Na makaɗanmu fa? Ba shagon da za ka shiga ka ce a ba ka sabo.

Ban ga dalilin neman sabon inji ba, domin garin nan cike yake da tsofaffi masu kyau, sai dai suna ƙarƙashin gado ne ko a sito. A 1974 kwamitin Udoji ya ba da shawarar ƙarin albashin ma'aikatan gwamnati, aka biya har da ariyas a farkon 1975, lokacin kuɗin mai na kwarara, naira kuma ta fi dala daraja. Ma'aikatan reluwe, malaman makaranta, na asibiti, na jami'a, kowa ya shiga kasuwa: babur, firiji, fanka, kayan kiɗa. Shekarun kuma su ne daidai lokacin da kamfanonin Japan, su Pioneer da Sansui da Kenwood da Akai da Technics, ke gasar wa zai fi wani ingancin kaya. Ga kuma malamai 'yan ƙasashen waje da suka cika harabobin jami'a na Samaru da Kongo a wancan zamani, waɗanda in za su koma gida sai su sayar da kayan ɗakinsu. Daga baya kaset ya zo da arha, ga masu kwafa a kowace kasuwa, sai tsarin tsuke bakin aljihu na SAP na 1986 ya karya darajar naira, faifai ya fita daga hannun mutane. Injinan ba su mutu ba, ajiye su aka yi. Da tsohuwar zuma ake magani.

Abin da nake hana mutane tun farko shi ne sababbin injinan nan masu siffar akwatin tafiya, masu launi-launi, da 'yar sifika a jikinsu, waɗanda ake tallarsu a intanet. A hoto suna da kyau. Amma hannunsu ba shi da wurin daidaita nauyi, allurarsu kan danna faifai da giram 5 ko fiye, alhali allura ta kirki giram 2 ta ishe ta. Sifikar da ke manne da jikin akwatin kuma girgiza allurar take yi tana cikin aiki. Kuɗin da za ka ba da a kan irin wannan ya isa ka sayi tsohon inji na gaske a gyara maka shi.

Sai maganar wuta, wadda masu ba da shawara daga ƙasashen waje ba sa kawowa, domin ba ta dame su ba. Wutarmu bolt 230 ce, mai kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, irin ta Ingila da Jamus. Ta Amurka bolt 120 ce mai kaɗawa sau 60. Ta Japan bolt 100. Kowa ya san in ka cusa kayan Amurka a soket ɗinmu kai tsaye hayaƙi zai tashi, kuma kowa ya san maganin shi ne 'yar tiransifomar rage wuta. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne tiransifoma bolt kawai take ragewa, ba ta taɓa yawan kaɗawar. Injinan faifai da yawa, musamman masu bel, motonsu da wannan kaɗawar yake auna gudunsa. Wanda aka ƙera don wutar Amurka in ka kawo shi nan, maimakon juyi 33 da sulusi a minti sai ya yi wajen 28. Mawaƙiya sai ta koma da muryar namiji, kalangu ya yi sanyi, kai kuma ka zaci bel ne ya saki. Ko wanda aka ƙera don irin wutarmu, ranar da ka kunna shi da ƙaramin janareto za ka ji murya na hawa da sauka, domin janareto ba ya riƙe kaɗawa 50 cif, da an kunna abin guga ko firiji ya tashi sai ya nutse.

Shi ya sa a garin nan na fi son inji mai juyi kai tsaye, wanda farantin ke zaune a kan moton ba bel a tsakani, ko kuma mai bel amma motonsa na da nasa ma'aunin gudu a ciki, wanda za ka ga an rubuta servo ko quartz a jikinsa. Irin waɗannan ba ruwansu da abin da wuta ke yi matuƙar ta kai. Technics ne suka fara fitar da mai juyi kai tsaye a kasuwa a 1970, suka biyo da SL-1200 a 1972, wanda masu kiɗan biki da gidajen rediyo suka riƙe har yau, shi ya sa ko na hannu tsada gare shi. Amma yana da ƙanne da yawa da aka yi don gida, ba wanda ke rububinsu. Nawa SL-D2 ne, na wajen 1979. Ba bel ɗin da zai narke a bazara, ba wanda zan aika Legas a nemo mini.

A wurin wani dattijo mai gyaran rediyo a Sabon Gari na same shi, cikin kayan da masu su suka kawo gyara shekara da shekaru ba su dawo ba, har magada suka ce a sayar. Murfinsa ya tsage, fenti ya koɗe a gefe. Ina juya shi ina yamutsa fuska sai ya ce, "Malam, bar kallon fenti. Matso ka ga." Ya murza dunƙulen ƙarfen da ke bayan hannun har hannun ya tsaya a iska, bai yi sama ba bai yi ƙasa ba. Sai ya sunkuyo ya hura masa iska kaɗan daga gefe. Hannun ya tafi a hankali har tsakiyar faranti ba tare da ya tsaya ko sau ɗaya ba. "Ka gani? Da ƙwallayen cikinsa sun yi tsatsa, da ya cije a hanya. Wannan shi ne abin da ba na iya gyarawa. Sauran duk aikina ne." Ya kama kan hannun da yatsa biyu ya ɗan motsa shi gaba da baya don ya ji ko yana lilo, sannan ya juya farantin da yatsa, wuta a kashe, ya kara kunne yana sauraron ko akwai gurza. Na ce, "Baba, gudunsa fa?" Ya yagi 'yar takarda ya manna a bakin faranti da yawu, ya kunna, ya ce in duba agogona. Juyi 100 a cikin minti 3 daidai, shi ne 33 da sulusi. Haka muka tsaya muna ƙirga, yaran shagon na mana dariya. Abin da ya yi masa bayan haka bai wuce goge tsohon man da ya daskare a ciki ba, ya sa sabo, ya fesa maganin wanke maɓallai a abin daidaita gudu.

Wanda bai samu a gida ba sai ya duba masu kayan Beljiyam, ko ya yi ciniki da 'yan kasuwar Alaba ta Legas ta waya. In za a yi maka wabil, ka dage a cire farantin a naɗe shi daban, a cire dunƙulen bayan hannu, a ɗaure hannun a mazauninsa. Faranti mai nauyi da aka bari a kan sandarsa tun daga Legas har Kwangila, ramukan hanya sun gama da abin da yake zaune a kai kafin ya iso. Ka kuma sa a ɗauko maka hoton bayan injin, inda aka rubuta irin wutar da yake sha. Da yawa daga na Japan da aka yi don fitarwa waje suna da maɓallin zaɓen bolt a baya ko a ƙarƙashin faranti. Ka tabbatar yana kan 220 ko 240 kafin ka kusanci soket.

Yanzu ga inda ba na yarda a yi tsimi. Duk allurar da ta zo da tsohon inji, ko mai sayarwa ya rantse ba a taɓa amfani da ita ba, cire ta. Bakin allura ɗan ƙanƙanin lu'ulu'u ne da aka goge ya yi santsi, rayuwarsa 'yan ɗaruruwan sa'o'i ce, masu tsadar su kai dubu. Da ya cinye sai gefensa biyu su yi kaifi kamar aska, ya riƙa ƙwaƙule bangon tsagar da waƙar ke ciki. Ido ba ya gani, ko gilashin masu gyaran agogo da ƙyar yake nunawa. Kafin kunne ya fara jin murya na tsagewa a ƙarshen gefe, ɓarna ta riga ta yi nisa. Wajen kashi ɗaya cikin uku na duk abin da na kashe a kan kan allura ya tafi, wato ɗan akwatin da allurar ke zaune a ciki a bakin hannu, kuma shi kaɗai ne sabo fil a cikin kayan.

Na ɗauki Audio-Technica AT-VM95, ba don ya fi kowa ba, sai don ana samunsa kuma allurorinsa suna shiga wa juna. Jikin ɗaya ne, ka zare wannan baki ka sa wancan. Akwai mai launin shuɗi, bakinsa zagayayye, akwai kore mai ɗan tsawo wanda ke shiga lungunan tsaga ya fito da ƙananan sautuka. Ga wanda faya-fayansa suka sha wuya a hannun tsofaffin rediyogiram, wato akwatin rediyo mai injin faifai a jiki, shuɗin ya fi rufa asiri, ya kuma fi arha. Koren nakan ajiye wa masu lafiya. Kamfanin Shure, da tsofaffin injinan nan da dama ke ɗauke da irin nasa, ya daina yin kan allura tun 2018, don haka in ka ga nasa ana sayarwa da sunan sabo, ka tambaya da kyau. In wani ɗan'uwa zai dawo daga waje ko daga Legas, wannan ne saƙon da ya cancanta, bai kai girman kwalin ashana ba.

Ɗaura shi na son natsuwa da hasken rana. Wayoyi huɗu ne sirara: fara da shuɗiya na hagu, ja da koriya na dama, kuma bayan kan alluran an yi wa kowane ƙarfe alamar launinsa. Da ɗan hantsaki ake sa su, ba da ƙarfi ba. A hannayen Technics irin nawa, daga robar da ke gindin mariƙin zuwa bakin allura milimita 52 ne, rula ta ɗan makaranta ta isa. Daga nan sai nauyi. Ka murza dunƙulen baya har hannu ya tsaya a iska, ka mayar da zoben lambobi kan sifili ba tare da dunƙulen ya motsa ba, sannan ka murza su tare zuwa 2. Maɓallin da ke gefe, wanda ke hana hannu zamewa ciki, shi ma ka kai shi 2. Ni ban cika yarda da lambobin da suka shekara 40 ba, don haka nakan tabbatar da ɗan sikelin nan na masu sayar da gwal. Wasu kan rage nauyi ƙasa da abin da kamfani ya ce, wai suna tausaya wa faifai. Akasin haka suke yi: allurar da ba ta zauna ba tsalle take yi a cikin tsaga tana dukan bango. Amma wannan ba izini ba ne na abin da iyayenmu ke yi, su ɗora kwabo a kan hannu in faifai na tsallake. Kwabon shi kaɗai ya fi duk nauyin da allurar ke bukata. Faya-fayan kawuna da suka fi shan kiɗa, waɗanda ya fi ƙauna ke nan, su ne suka fi furfura a tsaga, kuma na san kwabo ne.

Amfilifaya ba ta da wuyar samu, sharaɗinta ɗaya ne: ka juya bayanta ka ga ramuka biyu da aka rubuta PHONO, da ɗan kusa na ɗaure waya a gefensu. Wutar da kan allura ke fitarwa ba ta wuce kashi 4 ko 5 cikin dubu na bolt ɗaya ba, sai an ninka ta wajen sau 100 kafin ta kai abin da na'urar kaset ko CD ke bayarwa. Ba wannan kaɗai ba. Wajen yanka faifai da gangan ake rage bes, wato kakkauran sauti, sosai, domin da an bar shi yadda yake tsagar za ta yi faɗi har gefe ɗaya ya kasa ɗaukar minti 20, ana kuma ƙara siririn sauti don ya rinjayi shuu ɗin roba. Tun 1954 kamfanoni suka daidaita a kan ma'auni ɗaya da ake kira RIAA, ramin PHONO kuma shi ke warware wannan, ya maido da bes ya kwantar da siririn. Shi ya sa in ka cusa injin faifai a ramin AUX za ka ji sauti can ƙasa-ƙasa, siriri, ba ƙarfi. Ba lalacewa ya yi ba. In amfilifayar da kake da ita ba ta da wannan rami, akwai ɗan akwatin da ake saye daban a sa tsakani, amma tsohuwar amfilifaya mai shi a jiki sau da yawa ta fi akwatin arha.

Ɗan kusan nan kuwa na siririyar waya ta uku ce da ke fitowa daga injin. In ba a ɗaure ta ba, ƙugi za ka ji yana fita daga sifika ko faifai bai fara ba. In an ɗaure kuma bai tafi ba, a raba wayoyin sauti da na wuta, a kuma nisanta injin daga tiransifomar amfilifaya da sitabilaiza. Tawa Kenwood ce mai wat 30 kowane gefe, kuma ban taɓa kai maɓallinta rabi ba. Kada lambobin nan na 3000W da ake mannawa a jikin kayan kiɗan zamani su ruɗe ka, lissafin talla ne. Ninka wat sau biyu ɗan ƙari kaɗan kunne ke ji, sai an ninka wajen sau 10 kafin a ji ƙara ta ninku. Abin dubawa a tsohuwar amfilifaya shi ne gefe biyu su yi ƙara daidai, kada ta yi zafin da hannu ba zai zauna ba, sannan mai gyara ya buɗe ya duba ko akwai kafasitar da ta kumbura ko ta yi yoyo. Ƙaras-ƙaras in ana murza maɓalli datti ne, feshi ke maganinsa.

Sifika ba zan daɗe a kanta ba. Matsakaita guda biyu na katako, masu om 8, sun ishi falon gidan haya. A duba soson da ke kewaye da bakin babbar, domin shi ne ke ruɓewa ya zube in ya tsufa, masu zoben roba ko yadi sun fi jure yanayinmu. Waya kuwa ta lantarki ta jan ƙarfe mai kauri milimita 1.5 ta wadatar, sai dai ka kankare bakinta a shagon: in ciki ya fito fari, alminiyan ne aka shafa wa ja. Ja ya tafi ja, baƙi ya tafi baƙi a duka biyun, in ba haka ba bes ɗin ɗaya zai riƙa cinye na ɗaya. Inda aka ajiye su ya fi kuɗinsu tasiri. Kada su hau tebur ɗaya da injin, girgizarsu za ta koma cikin allura. A ɗan janye su daga bango, tazarar da ke tsakaninsu ta yi daidai da tazarar kowace zuwa inda kake zama. Ana cewa ƙaramar sifikar sama ta yi daidai da kunne, to amma masu faɗar haka a kujera suke zama. Mu a gidanmu a kan kafet ake hira, da matashi a bayan mutum, don haka kafinta ya yi mini 'yan gajerun kujeru biyu, ba dogayen ƙafafun da ake gani a hotuna ba. Abu ɗaya da muka fi Turawa sa'a a kai shi ne daɓen siminti. Su masu daɓen katako in yaro ya ruga allura sai ta yi tsalle. Ni sai dai in ƙwallo ta shigo ta taga.

Tsakanin soket da kayan akwai sitabilaiza mai jinkirin kunnawa, kuma da an ɗauke wuta nakan zare filogi gaba ɗaya, domin dawowarta ce ke kisa, ba tafiyarta ba. Haka in hadari ya haɗo da tsawa. Mai inbata ya tabbatar tasa mai fitar da wuta lafiyayya ce irin ta layi, wadda masu sola ke ce wa fiyo sayin. Mai arhar tana sa tiransifoma kuka da zafi, kukan kuma har cikin sifika. Duka kayan nan ba su kai abin guga shan wuta ba ko kusa, batir ɗaya ya ishe su hirar dare.

Abokan gaba na kullum dai ƙura ce da zafi. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, in hunturu ya sauko, iska kan bushe har in ka zare faifai daga rigarsa ka ji yana tartsatsi, gashin hannunka ya miƙe. Wannan wutar da ke taruwa a jikinsa ita ke janyo ƙura daga ko'ina cikin ɗaki, kana gogewa tana dawowa. Buroshi mai laushi na musamman kafin kowane gefe, ɗan ƙaramin buroshi ga allura daga baya zuwa gaba, ba daga gefe ba, sannan kwanon ruwa ko jiƙaƙƙen tawul a kusurwar ɗaki don iskar ta ɗan yi laushi. Uwargida ta ɗinka wa injin riga da ragowar atamfa mai shafi biyu, ta kuma fi murfinsa na asali aiki. A Maris da Afrilu kuwa, da zafi ke doshin digiri 40, ɗakin da ba shi da silin ba wurin ajiye faifai ba ne. A tsaye ake jera su, a matse kaɗan, ba a kwance an ɗora wani kan wani ba, ba kuma jingine a karkace ba. Kada rana ta same su ta taga. Wanda ya bar faifai a cikin mota a rufe ya shiga sallar Azahar, ya fito ya tarar da shi ya lanƙwashe. Da damina kuma, wajen Agusta, rigunan kwali kan ja danshi su yi fumfuna, ga gara ga kyankyasai masu son gam ɗin jiki. Akwatina a kan bulo yake, bai taɓa bango ba.

Wanki shi ne gyaran da ya fi kowane arha, ya kuma fi kowane canza sauti. Rabin ƙaras-ƙaras ɗin da mutane ke cewa ai haka faifai yake, dattin shekara 40 ne. Ruwan da aka tace ta hanyar tururi ake so, irin na ɗakin gwaje-gwaje ko na kemis. Na rijiya da na burtsatse da na leda duk suna barin gishirinsu a cikin tsaga in sun bushe. A yi hattara da abin da ake sayarwa da sunan ruwan batir, domin iri biyu ne, ɗaya zallan ruwa, ɗaya da asid a ciki. Ɗigo ɗaya na sabulun ruwa na wanke kwanuka a cikin kofi, buroshin fenti sabo mai laushi, a bi tsagar a zagaye yadda take, kada ruwa ya taɓa takardar tsakiya. A ɗauraye da ruwan zalla, a jera a abin kife faranti a inuwa har ya bushe da kansa. Ban da kananzir, ban da fetur, ban da garin sabulu. In ya bushe kada a mayar da shi tsohuwar rigar takarda mai zubar da gari, a sa masa sabuwa ta leda mai laushi. Wani faifan kalangu da na ɗauka ya mutu, bayan wanki na ji har 'yan amshi na gyaran murya kafin su karɓa.

A ƙasan adakar akwai wasu guda kaɗan masu nauyi, masu kauri, waɗanda ban taɓa ɗora wa allurata ba. Na garmaho ne, masu juyi 78, waɗanda suka riga babban faifan da Columbia ta fitar a 1948 da ƙaramin RCA na 1949. Ba roba ba ce, wani irin ƙaro ne mai fashewa in ya faɗi, sifirit kuma narkar da shi yake yi, don haka ko kusa kada ya taɓa su. Tsagarsu ta fi ta sauran faɗi wajen sau uku ko huɗu, allura ta daban suke so, injina kuma 33 da 45 kawai ya sani. Garmaho na wani ba zan sa su ba, allurarsa ta ƙarfe ce da ake canzawa bayan kowane gefe, nauyin kansa kuma ya haura giram 100. Abin da nake nema shi ne injin da ke cikin tsofaffin rediyogiram na Ingila, Garrard ko BSR, masu gudu huɗu, waɗanda dama don irin wutarmu aka yi su. Matsalar ita ce 'yan jari-bola sun riga ni zagaye gidaje, su kuwa a kilo suke saye, jan ƙarfen cikin tiransifoma da moto suke so, sauran su farfasa. Na bar lambata a wurin masu sikeli biyu, na Tudun Wada da na hanyar Kano, na ce duk wanda aka kawo mai faranti a kai kada a sa masa guduma, zan biya ninkin kilonsa.